Ku Bar Samanja Ya Huta, Ku Nemo Mana Kaset Ɗinsa

Duk ranar da wani tsohon ɗan wasan talabijin ya kwanta dama, tun ba a share makoki ba sai ka ji an fara kiran nan da ya kai ni maƙura: a farfaɗo da shirinsa, a sake shi da sababbin fuskoki domin 'yan baya. Na ji shi a majalisu da shafukan Facebook lokacin da Kasimu Yero ya rasu a 2017. Na sake jin sa a Nuwambar 2023 da Allah ya karɓi ran Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama. Da Abdullahi Shu'aibu Karkuzu ya bi su a Jos cikin Maris ɗin 2025, aka sake ɗaga murya. Allah ya ji ƙansu baki ɗaya. Amma amsata ga masu wannan kira guda ce: a'a. Ku ƙyale su. Mutanen da ba ku iya riƙewa ba suna da rai, ba ku da hurumin rabon rigunansu tun ƙasar kabarinsu ba ta bushe ba.

Mai karatu na Kano ko Kaduna zai iya cewa ina ruwan mutumin Ƙaura Namoda da wannan zance. To, da mu aka yi. Kafin a yanke Zamfara a 1996, Ƙaura da Shinkafi da Zurmi duk ƙarƙashin jihar Sakkwato suke, kuma tashar NTA ta Sakkwato ce tamu. Ba kowane gida ke da akwatin talabijin ba. Unguwa guda takan dogara da gidan mutum ɗaya, ma'aikacin jirgin ƙasa ko malamin kwaleji ko wani alhaji ɗan kasuwa, a fito da akwati tsakar gida bayan isha'i, yara a ƙasa, manya a tabarma, a sa wani ya riƙa juya gorar eriya har hoto ya daidaita. A nan muka san shirin Idon Matambayi, a nan muka san ɗan wasa Golobo. Samanja kuwa tun a rediyon Kaduna iyayenmu suka san muryarsa kafin su ga gashin bakinsa. Ƙaura, garin da layin dogo ya zo ya tsaya cikinsa tun 1929, ya tara Bayarabe da Inyamuri da Banufe da tsofaffin sojoji a Sabon Gari, ba ya bukatar a fassara masa Hausar bariki. Da Samanja ya buɗe baki, kowa ya san wani maƙwabcinsa mai irin wannan harshe.

Wannan shi ne abin da masu cewa a sake shirin suka kasa ganewa, ko suka ƙi ganewa. Samanja ba riga ba ce da za a cire daga jikin wani a rataya wa wani. Usman Baba Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarauta, ya yi aikin soja da gaske, ya sha faretin safe, ya ji tsawar manya, ya ga yadda ƙaramin hafsa ke kumbura a gaban kurata ya kuma saɓule a gaban na sama da shi. Abin da ya gani ya zo yana yi mana, kuma ya yi shi a zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasa. Yanzu ka ɗauko yaron da bai taɓa kwana a bariki ba, ka manna masa gashin baki da gam, ka ce ya yi ta zare ido yana karya Turanci, me ka samu? Ka samu mai kwaikwayon mai kwaikwayo. Mutane za su yi dariya minti biyar, dariyar tausayi, su wuce. Haka Karkuzu: salon maganarsa da tafiyarsa nasa ne, da su aka binne shi.

Ba sai mun yi hasashe ba, mun ga samfuri. A 2018 aka sake fim ɗin Mujadala, wanda na farkonsa ya fito tun zamanin kaset, lokacin marigayi Ahmad S. Nuhu na tashe. An zuba kuɗi, kyamara ta fi ta da, kaya sun fi na da, yaran sun yi bakin ƙoƙarinsu. Amma ka tsaya wajen mai shayi ka ce Mujadala, ka ji wanne za a fara ba ka labari. Sannan ku tuna abin da ya faru da Labarina na Aminu Saira lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka ba Fati Washa matsayin Sumayya. Shirin nan sabo ne, a 2020 ya fara, Fati Washa kuma ba baƙuwa ba ce a harkar, amma masu kallo suka yi ta ce-ce-ku-ce kamar an musanya musu 'yar uwa ta jini. Idan 'yan shekaru kaɗan sun isa su liƙa fuska da suna har haka, ina ga fuskar da ta shekara arba'in a zukatan mutane?

Akwai kuma wani ƙaiƙayi da ya shafe mu mu 'yan wannan yanki musamman, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Shirye-shiryen Sakkwato da harshenmu aka yi su. Mai gari da harshenmu yake magana, malami da harshenmu, mai wayo da wawa duk da harshenmu. Yau ka duba finafinan Kano da shirye-shirye masu dogon zango: in ka ji an saki Sakkwatanci ko Zamfarci, to mai gadi ne, ko ɗan ƙauyen da ya zo birni ya ga firji ya tsorata, ko wanda aka kawo domin a yi masa dariya. Alhaji mai mota ba ya cewa "wanga", likita ba ya cewa "mi kaka so". Harshen da Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa da shi, harshen Ɗanƙwairo na Maradun da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, harshen da masana ke rubuta kundin digiri a kansa, shi aka mayar abin ba'a. To waɗannan hannuwa ne za mu miƙa wa Idon Matambayi su sabunta mana? Ko dai su wanke shi tas da Kananci, ko su mayar da kowa a cikinsa wawa. Kowanne suka yi, zagi ne.

Kada wani ya ce ina ƙin maimaici ne don kansa. Al'adarmu duk maimaici ce. Tatsuniya ɗaya kaka dubu ta faɗe ta, kowace da gishirinta. Abubakar Imam ya tattaro labarai daga Gabas da Yamma ya zuba su cikin Magana Jari Ce, ya sa musu hula da rawani har ba mai cewa baƙi ne, daga baya kuma aka mayar da littafin shirin talabijin a Kaduna, da Kasimu Yero a ciki. Ɗanƙwairo gadon kiɗa ya yi daga mahaifinsa, 'ya'yansa kuma suka ɗora bayansa. Amma a kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai abu biyu: mai ɗauka ya san abin da ya ɗauka ciki da bai, kuma ya zo da nasa ya ƙara. 'Yan kudu ma da suka waiwayi nasu, ta ƙofa suka shiga. Da za a ci gaba da Living in Bondage na 1992, sayen haƙƙinsa aka yi daga mai shi, aka dawo da wasu tsofaffin 'yan wasan, sannan ya fito a 2019. The Village Headmaster, da ya fara a 1968 ya tsaya a 1988, sai da aka yi yarjejeniya tsakanin NTA da kamfanin Wale Adenuga kafin a dawo da shi bayan fiye da shekara talatin. Mutum zai iya cewa sun yi kyau ko ba su yi ba, wannan ra'ayi ne. Amma an nemi izini, an biya.

Mu fa? Wanda ke ɗokin sake Samanja ko Karkuzu ko Kuliya Manta Sabo, me yake nema in ba sunan ba? Sunan da wasu suka gina da guminsu a kan albashin gidan talabijin da kuɗin alawus da bai kai ya kawo ba, shi ne zai rataya a YouTube ya jawo masu kallo ba tare da ya biya talla ba. Ya zauna da iyalan mamatan? Ya san wa ya rubuta, wa ya tsara, wa ke da haƙƙi? Ya kalli kashi nawa na asalin shirin? Ka tambaye shi, zai ce maka ya ga guntaye a waya. Da guntaye zai gina mana gado.

Yanzu na juyo kanmu, mu masu kallo, domin fushina da mu ya fi wanda nake yi da furodusoshi. Mu ne gwanayen kuka. An saki sabon abu, mu cika wurin sharhi da "an ɓata mana tarihi", "na da ya fi", "Allah ya isa". Wani ma bai kalla ba, ya ji ana zagi ya shiga sahu. Sai ka ɗauka mutanen nan a shirye suke su sayar da gona domin tsofaffin 'yan wasa. Ina muke lokacin da Karkuzu ya makance, ya fito a bidiyo yana neman taimakon jama'a a kan matsuguni? Sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya tashi ya saya masa gida. Allah ya saka masa da alheri. Amma dattijon da ya shekara da shekaru yana sa miliyoyin mutane dariya, a ce rufin asirinsa ya rataya ga tausayin mutum ɗaya, wannan abin kunyarmu ne gaba ɗaya. Mun ga bidiyon, mun rubuta "Allah sarki", mun tura wa wani, mun ci gaba da cin tuwo.

Kuma mu da ke kukan an ɓata sana'a, mu ne muka fi kowa cin ta kyauta. Ka je bakin tasha a Ƙaura, ko kasuwar Shinkafi, ka tsaya rumfar masu cajin waya da tura finafinai. Da 'yan canji ake cika maka memori da aikin da wasu suka kashe miliyoyi a kansa, ko sisi ba ya komawa ga mai shi. Ba na zagin yaran da ke wannan sana'a, abinci suke nema a garin da aiki ya yi wuya. Amma wanda bai taɓa biyan haƙƙin sabo ba, bai taɓa tallafa wa tsoho ba, da wane baki yake hukunta furodusan da ya bi hanya mai arha? Shi furodusa ya karanta mu sarai. Ya san zagi ma kallo ne, YouTube ba ya bambance wanda ya kalla yana yabo da wanda ya kalla yana tsaki. Ya ɗauko suna mai tsarki a wurinku, ku fusata, ku shiga ku gani da idonku, ku turo wa abokai su ma su fusata, shi kuwa lissafinsa na hawa. Fushinku jarinsa ne.

Akwai kuma ƙaryar da muke yi wa kanmu, cewa yara za su so abin in an sabunta shi. Wani ɗan ƙanena na nuna masa wani guntun tsohon shiri a waya, hoto na rawa, murya na shaƙewa. Ya kalla kaɗan ya ce, "Kawu, mi kaka gani cikin wanga abu? Ko fuskokinsu ba a ganewa." Ban ga laifinsa ba. Ba a nuna masa shirin ba, gawarsa aka nuna masa: abin da wani ya naɗa daga talabijin ɗin gidansa a kaset, kaset ya sha zafi da ƙura shekara talatin, wani ya ɗauka da waya, aka matse shi ya shiga WhatsApp. Maganin wannan ba sabon ɗan wasa ba ne. Maganinsa a nemo na asali a gyara.

A nan ne maganar take, kuma a nan ne ba wanda ke son tsayawa, domin babu suna a ciki, babu jan kafet. Ina kaset ɗin? Talabijin ya fara a Kaduna tun 1962. Kano ta buɗe CTV a zamanin Abubakar Rimi, tashar da yau ake kira ARTV, inda aka yi su Bakan Gizo. Jos ta yi Karkuzu, ta yi Cock Crow at Dawn. Sakkwato ta yi nata. Shekaru na aiki ke nan, dubban sa'o'i na Hausa tsantsa daga bakin mutanen da suka iya ta, da sutura da gine-gine da kasuwanni da ladubban da yanzu sun kau. A zamanin kaset, gidajen talabijin a duniya sun sha goge tsohon shiri su naɗa sabo a kai don tsimi, har BBC ta yi wannan ɓarna ta kuma yi nadama. Kaset kuwa ko ba a goge shi ba yana mutuwa da kansa: zafi na cin sa, danshi na liƙe shi, na'urar da ke karanta shi ta daina samuwa. Kowace damina da ta wuce, wani abu ya tafi har abada.

Ku ji abin da ya kamata ya hana mu barci. A Oktobar 2013 BBC ta ba da sanarwar cewa an gano kashi tara na shirinta Doctor Who da suka ɓace, na shekarun 1967 da 1968. A ina aka gano su? A Jos. Wani Bature mai suna Philip Morris ya taso tun daga Ingila yana bin ɗakunan ajiyar gidajen talabijin na Afirka, har ya same su a kan kanta cikin ƙura a wata tasha a Jos. Masoyan shirin suka yi murna, aka gyara, aka sayar, suka saya da kuɗinsu. Wannan shi ne so. Su ma suna da sabon Doctor Who, suna kuma faɗa a kansa kamar kowa, amma ba su bar na asali ya ruɓe ba. A garin da Bature ya ƙetare teku ya tono nasa, a nan Karkuzu ya rayu ya mutu. Cikinmu wa ya taɓa hawa mota ya je ya tambayi inda nasa yake?

Kada a ce namu ba ya gyaruwa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓace. Aka gano shi a ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya ta Jamus ta sa hannu aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Sai da baƙo ya taya mu. Narambaɗa ma da muke taƙama da shi, ba don wani ya kwaikwaye shi muke jin sa yau ba. Don an naɗi muryarsa an adana ne. Da an bar mu da masu kwaikwayo, da yanzu sai labari.

Sannan in ma wani yana jin yana da basirar su Pategi, to ya gaji abin da ya sa suka zama su, wato haƙori. Tsofaffin nan sun ciji alƙali mai karɓar toshiya, sun ciji ɗan sanda da ɗan kasuwa mai algus da malamin tsibbu da miji azzalumi, a tashar gwamnati, wani lokaci a ƙarƙashin mulkin soja. Zamaninsu suka kalla. Mu namu zamanin ba shi da abin faɗa ne? Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da mutum ke yin sallama da iyali kamar mai tafiya yaƙi kafin ya hau ta. Ƙauyukan Zurmi da suka watse, manomi na biyan haraji ga ɗan bindiga kafin ya shiga gonar ubansa. Mai kai rahoto da ke zaune cikin majalisa ana shan shayi da shi. Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, mutane na tafiya wata jiha don su kira ɗan uwa. Matan da ke gudun hijira a kangaye da azuzuwan makaranta. Da Golobo na tashe yau, a nan zai sa ido, kuma da ya samo hanyar da za mu yi dariya muna hawaye. Amma masu kyamara sun gwammace falo mai kujerun alfarma da rigimar kishiyoyi, in sun gaji su waiwayi kabari su ciro suna. Kwana Casa'in na Arewa24 ya nuna ana iya taɓa 'yan siyasa da sabon labari da sababbin sunaye, kuma mutane su kalla. Daɗin Kowa bai ari sunan kowa ba, ya yi nasa har ya zama abin tunawa. Ashe ba basira ce ta ƙare ba. Lalaci ne da tsoro.

Don haka kirana ba ga masu neman suna ba ne, ga masu riƙe da makulli ne. Ali Nuhu, tun Janairun 2024 aka ba ka shugabancin Hukumar Finafinai ta Nijeriya, hedikwatarta a Jos take, ɗakin adana finafinai na ƙasa ma a can yake. Kai ka sake Mujadala, ka fi kowa sanin abin da masu kallo ke ji game da tsohon abu. Ka zauna da shugabannin NTA da ARTV, a buɗe ɗakunan ajiya na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato, a ƙirga abin da ya rage, a faɗa wa jama'a gaskiya ko da mai ɗaci ce, a juye shi cikin kwamfuta, a sa shi inda kowa zai gani, kuma a ware kason iyalan waɗanda suka yi shi. Gwamnatocin Zamfara da Sakkwato da Kabi, shirye-shiryen NTA Sakkwato gadonku ne ku uku, kuɗin aikin nan bai kai na ayarin motoci ɗaya ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura tun 1983 tana da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. A tura su su zauna da tsofaffin 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da suka rage, su naɗi bakinsu tun suna iya magana.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon kaset na bidiyo a ƙarƙashin gadon mahaifinka ko cikin adakar mahaifiyarka, wanda aka naɗi Samanja ko Golobo ko Idon Matambayi a kai, kada ka bari yara su zare zaren su yi wasa da shi, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Ka raba shi da rana da danshi, ka nemi mai juyewa tun yana juyuwa.